Fyaɗe: Mu maza ne ke zaman "a rufa asiri"

Assalamu alaikum Edita,

Ka ɗan ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana maza. Da zarar an tayar da zancen fyaɗe sai a koma kan iyaye mata, wai me ya sa suka ɗora wa yarinya talla. To, ni ga abin da na gani a unguwarmu.

Bara wani mai shago ya ce wa wata 'yar tallar gyaɗa, wadda ba ta wuce shekara tara ba, ta shigo ciki ta karɓi kuɗinta. Majalisarmu tana kallon ƙofar shagon. Mun sha ganin yana yi wa 'yan talla haka, babu wanda ya taɓa ce masa uffan, har da ni mai wannan rubutu.

Da magana ta fito, bayan sallar isha'i aka shimfiɗa tabarma a zauren gidansu yarinyar. Duk maza ne: ubanta, yayyen mai shagon da dattawa biyu. Aka yi ta "a yi haƙuri, a rufa asiri, gobe wa zai aure ta?" Aka tura kuɗin magani ƙarƙashin tabarma. Uwar tana cikin gida tana kuka, ba a ko tambaye ta ba. An riga an yi wa yarinyar wanka, an wanke zanenta, shaida ta bi ruwa. Sai da ta kwana huɗu aka kai ta asibiti, alhali maganin kariya daga cutar HIV cikin awa 72 ake fara shi.

Doka fa akwai ta. An sa hannu kan dokar VAPP, mai hana cin zarafin mutane, tun 2015. A 2020 gwamnoni suka ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe, a shekarar kuma Jihar Kaduna ta tanadi hukuncin dandaƙa ga wanda ya yi wa yaro ko yarinya 'yan ƙasa da shekara 14 fyaɗe. Ga cibiyoyin Salama da ke duba waɗanda abin ya shafa. Amma alƙali ba ya hukunta maganar da aka kashe a zaure.

Ina roƙon limamanmu su faɗa a huɗuba cewa wannan sulhun zalunci ne, masu unguwanni kuma su daina karɓarsa.

Mai shagon yana nan har yau. Jiya da hantsi na ga wata da farantin awara a ƙofarsa, na tashi na je na tsaya har ya miƙo mata kuɗinta a waje.

Naka,
Wani magidanci daga Zariya