Ku gyara maganar da aka yi kan shuwaka da ciwon sukari

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum.

Na rubuto ne a kan shirinku na lafiya na farkon watan nan, kuma ba zan ɓoye muku ba, raina ya ɓaci matuƙa. Baƙon da kuka gayyato ya faɗa da bakinsa cewa duk wanda ya dasa shuwaka a gidansa ya rabu da sayen maganin ciwon sukari, mai gabatarwa kuma ya bar maganar ta wuce bai ce uffan ba, alhali ya san dattawa da matan aure suna ɗaukar abin da suka ji a rediyo tamkar daga bakin likita ya fito.

Ina da shuwaka a bayan ɗakina shekara da shekaru, muna miya da ita, kuma ina ganin darajarta. Shi ya sa na ji takaicin yadda baƙon ya cika mu da alkawarin waraka, amma bai tsaya ya bayyana kamannin shukar ba. Ƙaramar bishiya ce mai yawan rassa, takan kai mita 2 zuwa 5 idan an ƙyale ta, ganyenta kore ne dogo mai tsini a baki, furenta ƙanana ne farare da ke fitowa a dunƙule a kan reshe, ɗacinta kuwa ba ya ɓuya ga wanda ya tauna. Dasa ta ba wuya. A yanko reshen da ya ƙosa kamar kamu biyu, a soka shi a karkace cikin ƙasa mai taki a farkon damina, a riƙa ba ta ruwa da rani, a kuma yawaita datse kanta domin ta yi tofo. Da an faɗi wannan, da mutane sun huta da sayen ƙullin garin ganye a tasha, wanda ba mai iya rantsuwa a kan abin da aka daka a ciki.

Maƙwabciyarmu, dattijuwa ce da ta daɗe tana shan maganin ciwon sukari na metformin, ta ji shirin nan ta ajiye ƙwayoyinta, ta koma matse ganyen tana sha safe da yamma. Ba a jima ba ƙishirwa da yawan fitsari suka dawo mata, ganinta ya fara dishi-dishi, sai da 'ya'yanta suka kai ta asibiti aka tarar sukarin ya haura ƙwarai. Allah ya kiyaye, ta samu sauƙi, amma wa zai ɗauki alhakin waɗanda ba su da mai kai su?

Gaskiya ne gwaje-gwaje sun nuna ruwan ganyen yana rage sukari a jini, sai dai galibinsu a kan ɓeraye aka yi su, kuma babu wani tsayayyen ma'auni da aka amince mutum ya sha. Wanda ke allurar insulin ko shan ƙwayar rage sukari ta glibenclamide, idan ya haɗa da ruwan shuwaka mai kauri, sukarinsa yana iya faɗuwa ƙasa da 70 mg/dL a na'urar auna sukari, ya kama karkarwa da zufa da jiri, har ya suma. Ko kalma ɗaya baƙonku bai yi a kan auna jini ba. Ina roƙonku ku kawo likita a wannan fili, a wannan lokaci, ya warware maganar a fili, kada a bar ta haka.

Sannan don Allah ku duba lambar wayar da kuke bayarwa a kira. Na yi ta bugawa ranar domin in yi wannan gyara kai tsaye, layin yana shiga ba a ɗauka, kuma ba ranar ce farau ba.

Naku,
Mai sauraronku daga Funtuwa