Amsa ga Dattijon da Ya Kira Bulus Mai Baki Biyu

Dattijo, gaisuwa da girmamawa.

A gaban jama'a ka yi mini tambaya, don haka a gaban jama'a zan amsa. Ka ce in har Bulus ya yarda kaciya ba sharaɗin ceto ba ce, me ya sa ya yi wa Timoti kaciya? Ka ɗora da cewa Bulus mai baki biyu ne, ni kuma ina ɓoye wa ɗalibai wannan aya, Ayyukan Manzanni 16:3, don in koya musu 'yanci mara linzami. Zargin ɓoye Nassi ne ya fi yi mini zafi. Waɗanda suka zauna a ajina sun san ba na karanta Galatiyawa 2 sai da Ayyukan Manzanni 15 da 16 a buɗe, kai ma ka sani. Mai neman amsa ba ya haɗa tambayarsa da ƙazafi.

Ka kawo Timoti, ka bar Titus. Titus Bahelene ne uwa da uba. Bulus ya tafi da shi Urushalima gaban Yakubu da Bitrus da Yahaya, wasu suka matsa a yi masa kaciya, Bulus ya ƙi, manzannin kuma ba su tilasta ba. Abin da masu matsawar ke koyarwa yana farkon Ayyukan Manzanni sura ta 15: in ba a yi muku kaciya bisa al'adar Musa ba, babu ceto. Da Bulus ya sassauta a kan Titus, da kowane mutumin Al'ummai, wato wanda ba Bayahude ba, sai ya zama Bayahude kafin ya zama na Almasihu.

Timoti na Listira kuwa uwarsa Bayahudiya ce, ubansa Bahelene, kuma Yahudawan yankin duk sun san haka. Ya riga ya zama almajiri mai kyakkyawar shaida, ba wanda ya ce cetonsa bai cika ba. Aiki zai tafi da Bulus, wanda yawanci in ya sauka gari majami'ar Yahudawa yake fara shiga, kuma ɗan Bayahudiya mara kaciya zai sa a rufe musu ƙofa tun kafin su buɗe baki. Ka dubi ayar da ke biye, 16:4: bayan kaciyar, tare suka riƙa bi gari gari suna isar da hukuncin Urushalima da ya ɗauke wa Al'ummai kaciya.

Shi wannan hukunci, na taron da aka yi wajen shekara ta 49, abu huɗu kawai ya hana: abin da aka yanka wa gumaka, jini, naman dabbar da aka shaƙe, da fasikanci. Uku daga ciki na abinci ne, kuma da dalili. Masu bi a gidaje suke taruwa, Jibin Ubangiji kuma a cikin cin abinci ake yinsa. Naman kasuwa a biranen Helenawa sau da yawa daga haikalin gumaka yake fitowa, dabbar da aka shaƙe kuma jininta bai tsiyaye ba. Bayahuden da ya tashi da Littafin Firistoci 17 ba zai sa hannu a wannan akushi ba. Sai aka ce Al'ummai su bar waɗannan, Yahudawa su bar neman kaciya, a zauna tare. Ina rashin linzami a nan, alhali fasikanci na cikin jerin?

Inda abin ya ɓaci shi ne Antakiya. Bitrus, wanda ya taɓa shiga gidan Karniliyus, mutumin Al'ummai, a Kaisariya, yana ci tare da Al'ummai, sai wasu suka zo daga wurin Yakubu, Bitrus ya janye jiki don tsoro. Sauran Yahudawa suka bi shi, har Barnaba. Bitrus bai yi wa'azin kaciya ba, wurin zama kawai ya canza, amma hakan ya raba Jibin Ubangiji gida biyu, ya nuna wa Al'ummai cewa sai sun bi al'adar Yahudawa za a ci da su. Shi ya sa Bulus ya tsauta masa a gaban kowa.

Maganarka ta cewa masana sun saɓa kan ko rikicin Antakiya ya riga taron Urushalima gaskiya ce, amma ba ta canza komai game da Titus ba.

Abin da ke damuna, Dattijo, ya wuce ni da kai. An mai da tsintar aya ɗaya a jefi abokin hidima da ita hanyar neman suna, matasa kuma suna koyo. Mutumin da ka kira mai baki biyu ya yi shekaru yana tara gudummawa daga ikilisiyoyin Makidoniya da Akaya domin matalautan masu bi na Urushalima, ya kai da kansa, a can aka kama shi bisa zargin ya shigar da Tarofimas mutumin Afisa, wanda ba Bayahude ba, cikin Haikali. Na amsa maka kan Timoti. Ina jiran amsarka kan Titus, a gaban mutanen da suka ji zarginka.