Wasiƙa daga Damagaram: ganuwar da na gina a kan tebur

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya sanyin Faransa? Mu nan hunturu ya kankama, da safe ƙura ba ta barin mutum ya hango duwatsun unguwar Birni daga unguwar Zango. Inna tana gaishe ka, kullum sai ta tambayi yaushe za ka zo.

'Yan sojojin robar da ka aiko sun iso lafiya, kuma yara sun haddace dokokin wasan da ka rubuto. Sai dai filin dagarmu tebur ne fetal, ba tudu ba maɓoya. Hoton nan da ka turo, na abokanka zagaye da fadar dutse irin ta Turawa, shi ya tsaya mini a rai. Ka ce tsada gare ta a kanti, ni kuwa na ƙudura sai na gina tamu.

Da fari hoton na kwaikwaya. Na samo farin soson da ke zuwa cikin kwalin firiji, na yanka da reza, na zana layin duwatsu da bakin biro. Kwana huɗu ina kai. Ina fesa masa fentin gwangwani, sai ga bango yana narkewa a gabana kamar man shanu a rana. Ashe sai an shafe soson da farin gam na kafintoci tukuna, in ba haka ba fentin cinye shi yake yi. Wallahi raina ya ɓaci, ranar ko tuwo ban ci da daɗi ba.

Washegari na bi ta wajen ragowar ganuwar Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884. Sau nawa muka wuce ta muna yara ba mu ɗaga kai ba? Na tsaya na dube ta da idon magini. Gindinta kauri, tana sirancewa tana hawa, damina ta tsattsaga mata jiki, babu miƙaƙƙen layi ko ɗaya. Nan take na bar zancen fadar Turawa.

Na karɓo kwalayen taliya a Kasuwar Dole, na liƙa ninki uku a gindi, ɗaya a sama. Yaɓen shi ne daɗin aikin. Na jiƙa kiret ɗin ƙwai ya kwana, na dame shi ya yi laushi, na zuba jar ƙasar da na tankaɗe da rariyar Inna, sannan gam kaɗan. Da yatsa na yaɓa, na bar sawun yatsan yadda magina ke bari a katanga. Da ya bushe sai ya yi 'yan tsage-tsage da kansa, launinsa sak na Birni, ko fenti ban sa ba. Tsinken tsintsiya ya zama azara a rufin zaure, bututun biro ya zama indararo, na murza zankwaye a kusurwoyi. Ƙaramin ɗana ya tuna mini cewa Tanimun ya sa an ƙera masa igwa, ya fafe biyu daga karan dawa, yadda muke yin motar kara a da. Duk abin da na kashe bai kai jikka biyu ba, gam ne ya ci kuɗin.

Yanzu bayan isha'i, masu tsaron ƙofa suna jeruwa a kan ganuwa, maharan kuma suna laɓewa bayan tsakuwar da muka jibga a matsayin duwatsu. Har maƙwabcinmu, gwanin dara, ya fara zama kallo.

Roƙona ɗaya. Ƙofar na yi ta tsawon soja biyu, amma mahaya nake so su shiga ta cikinta. Kafin ka aiko dawakin, auna mini tsawon mahayi ɗaya da mashinsa a santimita ka turo, don in san ko zan ɗaga ta kafin in fara soron fada.

Ka gaida mai ɗakinka da yara.

Naka har kullum,
amininka na Birni