A Sa Na'urorin Jami'o'inmu Binciken Gubar Hayaƙin Janareta

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku mai albarka domin in yi magana kan wani fanni na kimiyyar sinadarai da nake koyarwa.

Iskar kabon monoksaid da janareta da gawayi ke fitarwa ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana kama jini fiye da oksijin sau sama da 200. Ita ce ke sa a wayi gari a tarar da iyali guda sun rasu a ɗaki. Ƙwayar oksijin ɗaya tak za a ƙara mata ta koma kabon dayoksaid, irin wadda muke fitarwa da numfashi. Sai dai a zafin ɗaki wannan haɗuwa ba ta yiwuwa sai da katalis, wato sinadarin da ke hanzarta haɗuwar ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Tun ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya masana a jami'o'in Johns Hopkins da Kalifoniya suka haɗa garin oksaid (wato ƙarfen da ya haɗu da oksijin) na manganis da na jan ƙarfe, wanda ake kira hopkalait, aka zuba shi a takunkumin kariya daga iskar guba. Yana da arha, yana aiki, amma danshi na kashe shi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda ake ganin abin da ke gudana a saman garin yayin da yake aiki. Ana haska shi da hasken infared, wanda ido ba ya gani, na'ura ta nuna da lamba inda aka shanye hasken. Kabon monoksaid da ke yawo a iska tana shanye hasken ne a lamba 2143 a ma'aunin na'urar. Da ta sauka a kan ƙarfe sai lambar ta gusa, ƙasa ko sama, kuma daga gusawar ake gane irin mazaunin da ta samu. Can idan katalis ya fara gajiya, sai alamun kabonet su taso tsakanin 1300 da 1700, wato ragowar sinadaran da suka maƙale a saman garin suka toshe wuraren aiki. Ruwa ma yana da tasa alamar. Ɗalibina da ya ga layukan nan suna tasowa a allon kwamfuta ba ya sake buƙatar in haddace masa dalilin mutuwar katalis.

Da oksijin mai nauyin 18 kuma, wanda ya fi na yau da kullum nauyi har ana iya bin sawunsa, aka tabbatar cewa a wasu oksaid, gubar daga jikin garin take zare oksijin, ta bar gurbi, sannan iska ta cike shi. Hanyar ke nan da masana biyu, Mars da van Krevelen, suka bayyana a 1954. Wannan hali na ajiye oksijin ne ya sa ake saka oksaid na siriyam a tukunyar tace hayaƙi ta salansar mota, wadda makanikai ke ce wa indomi, ga shi kuwa ana ta cire ta ana sayarwa, abin yana ci mini rai. A 1987 Masatake Haruta na Japan ya nuna cewa ƙananan ƙwayoyin zinariya a kan oksaid na ƙarfe suna ƙona gubar ko a sanyin digiri 70 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos.

Mu ba sai mun taɓa zinariya ba. A ɗakunan binciken da na shiga na ga na'urar infared, amma yawancin aikinta auna ruwan ganye da saiwa ne. Ban raina wannan ba. Ina dai kira ga shugabannin sassan kimiyyar sinadarai su sayo ɗan akwatin da ake dumama gari a ciki ana ratsa shi da iska, su tanadi wuta tsayayyiya, a sa ɗaliban digiri na biyu su gwada manganis da jan ƙarfe a danshin Agusta da bushewar hunturu, a ga wane haɗi ne ke jurewa.

Ga masu karatu kuma, babu katalis ɗin da ya halatta kunna janareta a ɗaki ko a zaure. A ajiye shi waje, nesa da taga.

Wassalam.

Malamin kimiyyar sinadarai,
Zariya.