Wasiƙa ga ɗana kafin zagayen sili-ɗaya-ƙwale na Fantasy

Babana,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, ya karatu, ya zafin gari? Nan gida kowa ƙalau, Ummanka da ƙannenka suna gaishe ka.

Na ga hoton teburin da ka turo. Ka gama na uku a gasar 'yan ajinku ta Fantasy Premier League, wasan nan na intanet da mutum ke zaɓen 'yan wasan Firimiya yana tara maki da abin da suka yi a fili, ka samu shiga wasan kusa da na ƙarshe. Madalla, na yi murna ƙwarai. Amma da na zauna bayan sallar isha na duba 'yan wasanka goma sha biyar ɗaya bayan ɗaya, sai hankalina bai kwanta ba. Shi ya sa na ce bari in rubuto, don a waya ba ka barina in kai aya.

Tun watan Agusta kana zaɓen ɗan wasa ne da tambayar wa ya fi iya ƙwallo, kuma ta kai ka inda ta kai ka. A makonnin ƙarshe sai ka sa wasu tambayoyi biyu a gabanta. Wannan mutumin zai buga kuwa? Ƙungiyarsa kuma, me ya rage mata da take nema?

Bari in tuna maka watan Mayun 2023, lokacin kana sakandare. A mako na 37 Manchester City na da wasa biyu, da Chelsea da Brighton. Haaland ya riga ya ci ƙwallo 36, abin da ba a taɓa yi ba a kaka ɗaya ta Firimiya. Na ba shi kyaftin, wato wanda ake ninka makinsa, ba tare da wani dogon tunani ba. Ranar Asabar 20 ga wata, ni da kai muna gidan kallon bayan kasuwa, janareta na ƙara, mutane sun cika benci har wasu na tsaye a bakin ƙofa, Taiwo Awoniyi ya zura wa Arsenal ƙwallo, Nottingham Forest ta ci ɗaya da nema. Wannan ƙwallo ita ta tsirar da Forest daga faɗuwa, ita ce kuma ta miƙa wa City kofi tana zaune a gida. Washegari Guardiola ya ajiye Haaland a benci, Julian Alvarez ne ya ci Chelsea. Kuma daidai kocin ya yi, yana da wasan ƙarshe na Kofin FA da na Zakarun Turai a gabansa. Haaland bai ƙara cin ko ɗaya ba a gasar har aka tashi. Shi kuwa Awoniyi, wanda kuɗinsa bai kai rabin na Haaland ba, ƙwallo shida ya ci a wasanni huɗun ƙarshe. Kuskurena shi ne na dubi abin da mutum ya yi a baya, ban dubi teburi na ga abin da ke iya faruwa kafin ya shiga fili ba.

Saboda haka ka ɗauki biro ka raba ƙungiyoyi ashirin ɗin nan. Akwai masu neman kofi ko gurbin Turai, akwai masu gudun faɗuwa, waɗannan za su fito da duk ƙarfinsu har minti na ƙarshe. Akwai masu wasan ƙarshe na wani kofi a gabansu, su ne za su riƙa hutar da manyansu. Sai kuma na tsakiyar teburi da ba su tsoron komai ba su neman komai, inda koci kan fara gwada yara. Ka ga dai yadda lissafin yake: wanda ya buga minti 60 yana da maki 2, wanda bai kai ba maki 1. Ɗan baya ba ya samun makinsa 4 na hana cin gida sai ya cika minti 60 ɗin. Tun da aka koma canji biyar a 2022, cire mutum da wuri ya zama ruwan dare. Abin da ya fi ciwo ma, idan ɗan wasanka bai buga ko kaɗan ba, na bencinka zai maye gurbinsa, amma idan aka sako shi saura minti biyar, ya toshe wannan ƙofar, ka tashi da maki 1. Don haka ka gyara jerin bencinka, na farko ya zama wanda ka tabbata yana bugawa.

Yanzu ga maganar da na san ba za ta yi maka daɗi ba. Kana da 'yan Arsenal uku, iyakar abin da doka ta yarda a ɗauka daga ƙungiya ɗaya, kuma ɗaya daga cikinsu na san so ne kawai ya ajiye shi. So hana ganin laifi. Ka je ka duba wasanninsa shida na baya, ka bar kallon makin da ya tara tun farkon kaka. Sau nawa ya fara wasa? Sau nawa ya buga ƙwallo daga cikin da'irar gola? Shi ke buga fenareti, ko kwana, ko bugun tazara? Manhajar tana nuna wani adadi da ake ce wa xG, wato awon kyan damar da mutum ke samu. Wanda ke samun dama mai kyau kullum ƙwallo na ƙin shiga, ranarsa na nan tafe. Wanda ya ci biyu daga nesa a mako ɗaya, yawanci ya riga ya ba da abin da zai ba da, kuma ga wanda ya riga ka saye ya ba. Ni dai na fi yarda da idona a kan komai. Ka kalli wasa cikakke ko ɗaya ne, ka ga inda mutum ke tsayawa idan ƙungiyarsa na kai hari. Guntun bidiyon ƙwallaye ba ya nuna wannan.

Sannan ka tuna yanzu mutum ɗaya kake karawa da shi, ba miliyoyin da ke wasan a duniya ba. Buɗe tawagar abokin karawarka ta makon jiya. Duk ɗan wasan da kuke da shi tare, makinsa ya kashe juna. Idan kun haɗu a bakwai, wasanku na kan huɗun da suka rage ne da kyaftin. In ka ga huɗunka sun fi nasa, ka ɗauki kyaftin ɗin da kake zaton shi ma zai ɗauka, ka bar sauran su yi aiki. In nasa sun fi, nan ne za ka nemi wani daban. Mataimakin kyaftin kuwa ka ɗauko shi daga wata ƙungiyar.

Canjin ɗan wasa a tawagarka da ya wuce na kyauta maki 4 ake cire maka a kansa, kuma a karon mutum biyu wannan ƙwallo guda ce ta ɗan gaba ka bayar tun ba a take wasa ba. Kada garin neman ƙiba ka samo rama. Sai in rauni ya tilasta maka. Na ga kuma har yanzu ba ka taɓa Bench Boost ɗinka ba, wato damar da ke sa a ƙirga maka makin 'yan bencinka a mako ɗaya. Kada ka kai shi makon ƙarshe alhali ba ka da tabbacin zuwa can. In mutum huɗun bencinka za su buga wannan makon, sake shi.

Kada ka taɓa komai sai ka ji abin da kociyoyi suka faɗa wa 'yan jarida, galibi Alhamis ko Juma'a, a nan ake jin wanda ke jinya. Amma kada ka kai safiyar Asabar. Ana rufe ƙofa awa ɗaya da rabi kafin wasan farko na makon, kuma a ƙarshen kaka irin wannan agogonmu ɗaya da na Ingila. In wasan farko na 12:30 ne, ƙarfe 11:00 an gama. Ka san halin wuta da intanet a ɗakunan kwananku. Ba a fafe gora ranar tafiya, ka kammala daren Juma'a ka kwanta.

Abu ɗaya kuma, Babana. Ummanka ta ji ƙishin-ƙishin wai wasu a cikinku na son kowa ya zuba kuɗi, wanda ya ci ya kwashe. Kada ka sa ko sisi. Wannan caca ce, kuma na ga yadda ta raba abokai a unguwarmu, har gaisuwa ta gagara. In sun nace, ka ce ni na hana, ka ɗora a kaina. Jarrabawarka kuma na ƙaratowa, awa ɗaya a mako ta ishi wannan lissafin.

Ka turo min hoton tawagarka da ta yaron da za ku kara kafin sallar Juma'a, mu duba maganar kyaftin tare. Na saka maka kuɗin data jiya da daddare, ka duba ko sun shigo.

Allah Ya yi maka albarka, Ya ba ka sa'a.

Mahaifinka