Godiya Ga Hukumar Makarantar Su Ɗana Kan Darasin Wasan Kwaikwayo

Zuwa ga Shugaban Makaranta da Malamar Wasan Kwaikwayo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga ya dace in yi godiyar nan a bainar jama'a, tunda a taron iyaye na yi ƙorafina kowa na ji.

Ranar da ɗana ya ce cikin darussan zaɓi wasan kwaikwayo zai ɗauka, raina ya ɓaci. Na ce kuɗin karatu nake biya, ba na shashanci ba. Ga shi yaro mai in'ina, ko baƙo ya yi sallama sai ya shige ɗaki. Kakarsa ce ta taka mini burki, ta tuna mini lokacin da nake liƙa gemun auduga ina yawon tashe da zarar azumi ya kai goma. Na rasa ta cewa.

Malama, abin da ya burge ni shi ne ba ki miƙa musu rubutaccen wasa su haddace ba. Kin raba su takwas-takwas, kika ce su shiga unguwa su jiyo abin da ke damun mutane. Su ɗana suka dawo da zancen ruwa: famfo ya ƙafe, 'yan ga-ruwa sun ƙara kuɗin jarka, kullum faɗa a layin rijiyar burtsatse. Da wannan suka yi ta gwaji, wannan ya kawo magana, waccan ta ce ai ba haka uwarta ke faɗa ba, a rushe a sake. Ashe salon da ɗaliban wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello suka daɗe suna bi ne, tun shekarun 1970 suke shiga Samaru da ƙauyukan kewaye suna gina wasa daga matsalolin jama'a.

Kin tsayar da su a ƙarshen filin ƙwallo su ɗaga murya har ki ji, kin hana su juya wa 'yan kallo baya. Da yake maimaitawa a zaure, maƙwabcinmu har leƙowa ya yi, ya zaci rigima ake.

Ranar nuni ɗana ne ɗan ga-ruwa, yana tura kura cike da jarkoki. Ana tsakiyar ciniki in'inar ta kama shi, gabana ya faɗi. Nan take abokin wasansa ya dafa shi ya ce, "Malam, sha daga naka mana ka huta, ai ba mai cajin ka." Ɗakin taro ya kwashe da dariya, yaron ya nisa ya ƙarasa zancensa. Kowa ya ɗauka a tsare yake.

Shugaba, mun gode da ba su ɗakin taro ranakun Asabar, da tsayawa a kan a tashi kafin la'asar. Don Allah a bar darasin nan a jadawalin baɗi, ƙanwarsa tana tafe, har ta fara kwaikwayon tafiyata a tsakar gida.

Allah ya saka da alheri.

Naku,
Mahaifin wani ɗalibi ɗan aji biyar, Zariya