Rahoton Sakatare kan Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2024

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Ya mai girma shugaba, iyayen ƙungiya, malamanmu, da 'yan'uwa mambobi maza da mata, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Kamar yadda tsarin mulkin wannan ƙungiya tamu mai fafutukar ilimin kimiyya ya tanada, ga bayanin abin da aka yi da abin da aka kasa yi daga Janairu zuwa Disamba. An zauna taron wata-wata sau tara. Na Maris ya faɗo cikin azumi, na Agusta dokar hana fita da aka sa a Kano lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa ta hana shi, na Oktoba kuwa mutum biyar ne suka zo, adadin bai kai a yanke hukunci ba.

Zan fara da kuɗin wata, domin yawancin tambayoyin da za ku yi mini yau amsarsu tana nan. Sunaye 84 ne a rajistarmu. Mutum 23 ne suka biya na shekara cif, 19 suka biya na 'yan watanni sannan suka yi ɗif, sauran 42 kuwa ko sisin kwabo ba mu gani daga gare su ba. Kuɗin nan naira dubu ɗaya ne a wata, wanda a ƙarshen 2024 bai sayen litar man fetur guda. Na san halin da ake ciki tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ni ma cefane nake yi kamar kowa. Abin da yake ci mini rai shi ne, masu biya a kan lokaci yawancinsu malaman makaranta ne da 'yan fansho, waɗanda suka yi shiru kuwa akwai injiniyoyi da likitoci da ma'aikatan banki a cikinsu, mutanen da ilimin kimiyyar nan da muke fafutuka a kai shi ne ya kai su inda suke. Ni da ma'aji mun bi kowa ta waya da katin aljihunmu. Wasu ba sa ɗauka, wasu kuma su ce a turo musu lambar asusu, alhali lambar tana manne a saman zaurenmu na WhatsApp tun bara.

Wannan shi ya kawo mu ga gyaran ɗakin gwaje-gwaje na makarantar 'yan matan da muka ɗauka. Na ga maganganun da aka riƙa yi a zaure cewa aiki ya tsaya ba a ce komai ba, har wani ɗan'uwa, wanda bai biya ko wata ɗaya ba, ya tambayi inda kuɗin suka shiga. An yi kiyasin aikin ne a ƙarshen 2023. Kafin mu tara rabin abin da ake bukata, a watan Fabrairu buhun siminti ya haura naira dubu goma a wurare da dama, kwanon rufi da katako da kuɗin aikin birkila duk suka bi bayansa. Kwamitin zartarwa ya zaɓi a fara da rufi saboda damina na tafe, kuma ruwa ya riga ya lalata silin da ƙasan ɗakin. An canza kwanon gaba ɗaya, an sa tagogi da ƙarafunan tsaro, an gyara ƙofa. Teburan siminti da famfo da kabad ɗin ajiye sinadarai su ne suka rage. Da mutum 42 ɗin nan sun biya, da aƙalla teburan sun tsaya. Rasit na kowane ƙusa yana hannun mai binciken kuɗi, duk mai son gani ya je ya gani kafin ya yi magana.

Takardar koke da aka ce a kai wa wakilanmu ita ma ba ta kai inda ake so ba. Lokacin da gwamnatin jihar Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a watan Yuni, mun yi murna, muka ga ƙofa ce ta buɗe da za mu shigar da bukatun da muka daɗe muna faɗa, wato a ɗauki malaman fiziks da na kimiyyar sinadarai, a dawo da ma'aikatan da ke kula da ɗakunan gwaji, sannan a riƙa kawo sinadarai tun farkon zango maimakon makon da za a yi jarrabawar aiki da hannu ta WAEC ko NECO, domin ba a fafe gora ranar tafiya. An naɗa kwamitin mutum bakwai, biyu ne suka yi aikin. Waɗanda aka rarraba wa makarantu su je su ƙidayo malamai da kayan aiki ba su je ba, sai takardar ta fita babu alƙaluman da za su ba ta ƙarfi. Mun miƙa ta a ofishin ɗaya daga cikin wakilanmu, an sa mana ranar ganawa sau uku ana ɗagawa. Ban yafe wa wancan ɓangaren ba, amma rabin laifin a gidanmu yake.

Abin da ya wanke mana zuciya a bana shi ne ranar kimiyya da muka shirya wata Asabar a watan Nuwamba. Makarantu shida suka turo ɗalibai, ɗakin da muka yi wa rufi ya cika har sai da aka shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya. Tun da ba mu da kuɗin sayen sinadarai masu tsada, Malama shugabar kwamitin mata ta kawo dabara, ta dafo zoɓo daga gida ta zuba a kofunan gilashi. Aka matsa lemon tsami a kofi ɗaya, jan ya ƙara haske. Aka zuba ruwan kanwa a wani, nan take ya rikiɗe ya yi duhu mai ratsin kore. Yara suka yi shewa. Wata yarinya 'yar aji biyar ta tsaya tana juya kofin a hasken taga, sannan ta ce ashe abin da suke haddacewa a kan asid da alkali shi ne abin da take gani kullum a madafin mahaifiyarta. Shekara biyu tana ajin kimiyya, ranar ce ta fara ganin launi ya canza a gabanta. A wani teburin an ɗora fatar albasa a ƙarƙashin madubin ganin ƙananan halittu guda biyu da wani ɗan'uwa ya aro mana, layi ya miƙe har waje, kowa ya leƙa sai ya ɗago ya kalli albasar da ke hannun malamin, ya sake leƙawa. 'Yan'uwa masu aikin sola sun nuna yadda ake haɗa faranti da batir da kwan fitila, kuma wannan ya ja hankali ƙwarai, tun da a lokacin ba a daɗe da fita daga duhun ƙarshen Oktoba ba, lokacin da lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna da matsalar wani layin suka bar yawancin jihohin Arewa kwanaki babu lantarki.

Bayan sallar azahar uban ƙungiya ya yi jawabi kan shugabanci da ilimin kimiyya, kuma na ga ya dace in kawo jigonsa nan saboda waɗanda ba su zo ba. Baba ya fara da gida. A 1977, zamanin Kanar Sani Bello, gwamnatin Kano ta lura ba ta da isassun likitoci da injiniyoyi 'yan jiha, sai ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, ta ba su hukuma ta kansu, ta zaɓo ɗalibai ta hanyar jarrabawa, ta zuba musu malamai da kayan aiki. Daga baya aka buɗe ta 'yan mata a Taura, wadda yanzu take jihar Jigawa. Waɗanda suka yanke wannan shawara sun san ba a kan mulkinsu za a ga likita na farko ba, amma suka yi, gwamnatocin da suka biyo baya kuma ba su rushe ba. Da yawa daga cikinmu a ɗakin nan 'ya'yan wannan shawarar ne.

Daga nan ya tsallaka waje. Indiya ta buɗe cibiyar fasaha ta Kharagpur a 1951, shekara huɗu da samun 'yancin kai, tana fama da talauci. Koriya ta Kudu, wadda yaƙi ya ragargaza har zuwa 1953, ta kafa cibiyar binciken kimiyya da fasaha a 1966, yau kuma tana kashe fiye da kashi 4 cikin 100 na arzikin da take samarwa a kan bincike, alhali ƙasashen Afirka kashi 1 suka ɗaukar wa kansu alkawari, mafi yawansu ba su cika ba. Wayar Samsung da ke aljihun wasunmu daga can ta fito. Sai ya dawo da mu Bompai da Sharaɗa da Chalawa, inda masana'antu da yawa suka rufe, da Kantin Kwari da ya cika da atamfar Sin, da fatun jar akuya da ake jemewa a nan a fitar da su Italiya da Sifaniya, su dawo mana a takalma da jakunkuna da tsadar da ba ma iya saya. Ya ce manufar ilimi ta ƙasa ta daɗe da tanadar kashi 60 na gurbin jami'a ga kimiyya, 40 ga sauran fannoni, to amma yaron da bai taɓa riƙe bututun awo ba, ko ya samu gurbin, da haddar allo zai shiga, kuma ƙasa ba ta gogayya da Sin ko Indiya a kasuwa da hadda.

Ni a ganina jawabin nan ya shafe mu fiye da yadda ya shafi masu mulki, domin da wace fuska za mu je mu ce wa wakili ya yi tunanin shekara ashirin masu zuwa, mu da muka kasa haɗa kuɗin teburan ɗaki guda cikin wata goma sha biyu? Kuma ku sani, duk da sunan ƙungiya ne a jikin allon sanarwa, mutum goma sha ɗaya ne suka ɗauki nauyin ranar kimiyyar, har abincin yara da kuɗin motar da ta kwaso su. Ina yi musu godiya, da shugabar makarantar da malamanta, Allah Ya saka da alheri. Waɗanda suka turo tafi da yabo a zaure bayan an sa hotuna, muna so a karo na gaba mu gan su da ƙafafunsu.

Kwamitin zartarwa yana gabatar wa wannan zama shawarwari biyu don a yanke hukunci. Ta farko, duk wanda ake bin sa kuɗin wata shida ko fiye, a ba shi zuwa ƙarshen Fabrairu, idan bai biya ba kuma bai kawo uzuri ga ma'aji ba, a karanta sunansa a taro, a kuma dakatar da ƙuri'arsa. Wanda yake cikin matsi na gaskiya ya same mu a asirce, ba za a tona shi ba. Ta biyu, a sake raba makarantun da za a ƙidayo, kowa ya karɓi tasa a gaban jama'a ya faɗi ranar da zai kawo, don a sake rubuta takardar koken da hujja. Birkilan ya ce idan aka ba shi siminti da rodi zai gama teburan cikin mako uku, kuma muna so 'yan ajin ƙarshe su yi atisaye a kansu kafin jarrabawar WAEC ta watan Mayu.

Wassalamu alaikum.

Sakatare